Man jirgin sama daga kaskon ƙosai: wa zai biya, kuma gonar wa za a noma?

Duk wanda ya taɓa tsayawa da safe gaban mai ƙosai a Maraɗi ko Damagaram ya san yadda man kaskonta yake ƙarewa. Ba a zubar da shi. In ya yi duhu a tace, a ƙara sabo a kai, gobe a sake ɗorawa a wuta. Ɗan abin da ya rage a gindin kasko ma yana da mai shi, ko ya shiga miya ko a yaryaɗa shi kan shinkafa da wake.

A Turai kuwa, irin wannan man da aka gama suya da shi ya zama haja mai tsada. Jiragen ruwa ne ke kwaso shi daga China, Malesiya da Indonesiya, a kai shi matatu, a mai da shi man jirgin sama. Sunan da ya fi yawo a kansa shi ne SAF, wato man jirgi mai ɗorewa, wanda ba daga rijiyar fetur aka haƙo shi ba. Yanzu kuma hukumomin duniya suna ƙarfafa wa ƙasashe masu tasowa gwiwa su ma su tsara tasu manufar a kansa.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan ɗan Nijar da wannan, alhali mafi yawanmu ba mu taɓa taka matakalar jirgi ba. Ruwanmu biyu ne. Na farko kuɗin tikitin ɗan'uwanmu da ke Beljiyam, Jamus ko Faransa, da na maniyyacin da ya shekara biyar yana tara kuɗin kujerar Makka. Na biyu, wanda ya fi girma, gona ce da abin da ke cikin tukunya.

Mene ne shi, kuma me ya sa ake rububinsa

Jiragen sama suna fitar da wajen kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke turawa sama. Mota ana iya sa mata batir. Jirgin da zai tashi daga Yamai zuwa Istambul da ɗaruruwan mutane ba a samu batirin da zai ɗauke shi ba, saboda nauyi. Sai aka koma neman man da zai shiga tankin jirgin da ake da shi yau ba tare da an taɓa injin ba.

Hanyar da aka fi bi ita ce a ɗauki man girki da ya tsufa ko kitsen dabbobi, a tace shi, a haɗa shi da iskar haidurojin cikin zafi da matsi har ya rikiɗe ya zama kamar kananzir ɗin jirgi. Ana kuma yin sa daga sinadarin itanol na rake ko masara, daga karan amfanin gona da sharar birni, ko kuma, mafi tsada duka, daga wutar lantarki da ruwa da iskar kabon. In ya ƙone a sama yana hayaƙi kamar kowane mai. Ribar tana cikin lissafi ne: tsiron da aka yi man da shi ya riga ya shaƙi kabon lokacin da yake girma. Masu sana'ar suna cewa ana iya rage gurɓatawa har zuwa kashi 80 cikin 100, gwargwadon abin da aka yi man da shi. Ƙa'idar da ake aiki da ita yanzu ta yarda a gauraya shi da man da aka saba har zuwa rabi da rabi, kodayake a watan Nuwamban 2023 jirgin Virgin Atlantic ya tashi daga Landan zuwa New York da shi zalla, don gwaji.

Matsalarsa tsada da ƙaranci. Yana ninka man jirgi na yau da kullum sau biyu zuwa biyar a farashi. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ƙiyasta cewa a 2024 tan miliyan ɗaya kacal aka samar, kashi 0.3 cikin 100 na man da jirage suka sha. Duk da haka, a taron hukumar sufurin sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, OACI, da aka yi a Montreal a watan Oktoban 2022, ƙasashe sun amince da burin kai gurɓatawar jiragen ƙasa da ƙasa zuwa sifiri a lissafi nan da 2050. A Dubai, cikin Nuwamban 2023, suka ƙara da burin rage kashi 5 cikin 100 nan da 2030 ta hanyar irin wannan man.

Dokar Turai ta riga ta shiga aljihun matafiya

Tarayyar Turai ba ta tsaya ga buri ba, doka ta yi. Tun 1 ga Janairun 2025, dole man da ake ba jirage a manyan filayen jirginta ya ƙunshi kashi 2 cikin 100 na SAF. Zai koma kashi 6 a 2030, kashi 20 a 2035, har kashi 70 a 2050. Dokar ba ta tambayar tutar da ke jikin jirgi. Ko na Maroko ne, ko na Turkiyya, ko na Habasha, muddin a Burusel ko Paris ya sha mai, ta hau kansa. Birtaniya ma ta fara da kashi 2 a 2025, za ta kai 10 a 2030.

Kamfanoni ba sa haɗiye irin wannan kuɗi. Air France ta fara ɗora ƙari a kan tikiti tun Janairun 2022, lokacin da Faransa ta wajabta kashi 1. Rukunin Lufthansa ya sanya nasa ƙarin na muhalli daga Yuro 1 zuwa 72 a kan jiragen da ke tashi daga Turai tun farkon 2025. Yuro 72 kuwa ya haura jikka 47, kodayake wannan na masu kujerar alfarma ne a doguwar tafiya. A yau ƙarin bai kai ya hana mutum zuwa gida sallah ba. Amma kashi 2 ake magana. Ɗan Tawa da ke aiki a Hamburg, wanda tun da jirgin Air France ya daina sauka Yamai a watan Agustan 2023 sai ya zagaya ta Kazabulanka ko Istambul, ya yi wa kansa lissafin yadda abin zai kasance in an kai kashi 20.

Mai shi ne kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wani lokaci kusan ɗaya cikin uku, na kuɗin da kamfanin jirgi ke kashewa, kuma a Afirka ya fi tsada fiye da sauran nahiyoyi. Mutanen Maraɗi da Damagaram da suka saba tsallakawa Kano su hau jirgi ba su manta watan Mayun 2022 ba, lokacin da kamfanonin Najeriya suka yi barazanar ajiye jiragensu don litar mai ta tashi daga naira 190 zuwa 700. Wannan fa man da aka saba ne, ba mai ninkin farashi ba.

Waɗanda suka fara da abin hannunsu

In aka dubi ƙasashe masu tasowa da suka yi nisa a wannan harka, za a ga babu wadda ta kwafi Turai kai tsaye. Kowace ta duba rumbunta tukuna.

Brazil ta shekara hamsin tana zuba itanol na rake a motoci, tun shirin da ta ƙaddamar a 1975 bayan tashin farashin fetur. Don haka da shugaba Lula ya sa hannu a dokar makamashin gobe a watan Oktoban 2024, a kan masana'antar da ke tsaye ya ɗora. Dokar ma ba ta ce a zuba lita kaza ba. Ta ce kamfanonin jiragen cikin gida su rage gurɓatawa da kashi 1 daga 2027, a riƙa ƙarawa har kashi 10 a 2037. Wannan ya bar wa masu sana'a zaɓin man da ya fi rage hayaƙi a farashi mai sauƙi.

Indiya ta sa nata burin a kan jiragen ƙetare kawai: kashi 1 a 2027, kashi 2 a 2028, kashi 5 a 2030. Ta ƙyale matafiyin cikin gida tukuna. Matatar kamfanin gwamnati Indian Oil da ke Panipat ta samu takardar shaidar yin SAF daga tsohon man girki a 2025, ba tare da an gina sabuwar matata ba.

Indonesiya, uwar manja ta duniya, ta tashi jirgin Garuda daga Jakarta zuwa Solo a watan Oktoban 2023 da man da aka gauraya da kashi 2.4 na man ƙwallon kwakwar manja. Sai dai Turai ba ta lissafa man da aka yi daga manja ko wani abinci a cikin kasonta, saboda sare dazuzzuka. Abin da Turai ke so shi ne tsohon mai. Da Jakarta ta ga haka, a farkon 2025 ta taƙaita fitar da tsohon man girki zuwa waje. China ma ta soke rangwamen harajin da take ba masu fitar da shi tun Disamban 2024. Dukansu abu ɗaya suka gane: mai sayar da ɗanyen kaya ladan ɗauko kaya kawai yake ci, riba tana wajen mai matata.

Wannan darasi ba baƙo ba ne ga ƙasar da ta shekara fiye da hamsin tana fitar da yuraniyom.

Rububin ya kuma haifi ha'inci. A Malesiya, inda gwamnati ke tallafa wa man girki, an kai lokacin da masu saye ke biyan tsohon mai fiye da farashin sabo na tallafi. Ba sai an faɗa wa ɗan kasuwa abin da zai yi da wannan ba. Hukumomi a Turai da Amurka sun buɗe bincike kan zargin ana shigo musu da sabon manja da sunan tsohon mai.

Afirka: ɗanyen kaya ya tafi, tataccen mai ya dawo

Jirgin fasinja na farko a Afirka da ya tashi da irin wannan man na Afirka ta Kudu ne, daga Johannesburg zuwa Cape Town, a watan Yulin 2016. Manoman lardin Limpopo ne suka noma wata irin taba marar nikotin, aka matse mai daga ƙwayarta. Amma tacewar a Amurka aka yi, sannan aka dawo da man.

Kenya ta bi sawu iri ɗaya. A 2022 kamfanin Eni na Italiya ya buɗe wurin matsar mai a Makueni, yana karɓar zurma da irin auduga da wasu ƙwayoyi daga hannun ƙananan manoma. Man kuma ya bi ta tashar Mombasa zuwa matatar Gela da ke tsibirin Sisili. A watan Mayun 2023 jirgin Kenya Airways ya tashi daga Nairobi zuwa Amsterdam da ɗan SAF da Eni ta ba shi. Hoton ya yi kyau a jaridu. Binciken da ƙungiyar Transport & Environment ta fitar daga baya ya nuna man da aka fitar bai kai kusa da abin da aka yi alkawari ba, kuma manoma da dama sun koka cewa zurmar ba ta biya wahalarsu ba.

Masu ɗan shekaru za su ce mun taɓa jin wannan waƙar. Tsakanin 2007 da 2010 duniya ta haukace a kan bini da zugu, itacen nan da muke shinge da shi. Aka ce yana fitowa a fako, ba ya son ruwa, ba ya son taki, zai mai da talakan Afirka mai rijiyar fetur. A ƙarshen 2008 jirgin Air New Zealand ya yi gwaji da mansa, wanda aka samo daga Malawi, Mozambik, Tanzaniya da Indiya. Senegal ta ƙaddamar da shirin ƙasa a kansa. Kamfanoni suka karɓi dubban hektoci a Ghana, Mozambik da Tanzaniya. Gaskiyar da ta fito daga baya ita ce itacen yana rayuwa a fako, amma ba ya ba da ƴaƴan kirki sai a ƙasa mai kyau da ruwa, wato daidai inda ake noma abinci. Kamfanin Sun Biofuels na Birtaniya ya durƙushe a 2011, ya bar ƙauyukan Kisarawe a Tanzaniya ba gona ba aiki. Inda bini da zugu ya ɗan yi amfani shi ne inda ba a yi masa dogon buri ba, kamar garin Garalo na Mali, da aka yi niyyar ba wa injin lantarkin gari mansa.

Abin da ake kira shara a can

A nan ne lissafin masana na waje ya kan karye idan ya iso Sahel. Rahotanninsu cike suke da kalmomi biyu: ragowar amfanin gona, da ƙasar da ba a amfani da ita.

A ƙauyen Gidan Rumji ko Mirya wane ne ragowa? Karan hatsi shi ne danga, shi ne rumbu, shi ne makamashin girki, shi ne abincin shanu da rani. Wanda aka bari a gona kuma shi ke tare ƙasa kada iska ta kwashe ta. Harawar wake da ta gyaɗa kuɗi ce tsaba, a watan Afrilu da Mayu ana sayar da ita ƙulli ƙulli a bakin hanya. Kitsen da mahautan Turai ke rasa yadda za su yi da shi, a nan tsire da balangu yake bi. Man girki kuwa ƙasar ba ta ƙoshi da shi ba, jarkokin manja daga waje ake shigowa da su, man gyaɗar da matan ƙuli-ƙuli ke matsewa kuma ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Likitoci suna gargaɗi kan maimaita suya da mai ɗaya, kuma da za a samu mai sayen baƙin man daga manyan gidajen abinci na Yamai da ya rage cuta. Amma abin da za a tara ba zai tashi jirgi ba, kuma ranar da farashin tsohon mai ya hau, na sabo ba zai zauna ba.

Ƙasar da taswira ke nunawa babu kowa kuwa, makiyaya ce, burtali ne, wurin itacen girki ne na mata. Kuma manoman Maraɗi da Damagaram sun riga sun nuna abin da za a iya yi da ƙasar da ta gaji: tun daga shekarun 1980, ta hanyar barin kututtukan gao da sauran itatuwa su toho a gona, an farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar. Ba kamfani ne ya yi ba, kuma amfanin a gida ya tsaya.

Sauran hanyar ita ce ta rana. Man da ake yi da lantarki ba ya buƙatar gona, kuma rana ba ta yi wa Nijar rowa ba. Ƙasashe irin su Maroko da Namibiya suna zawarcin masu zuba jari a harkar haidurojin da wannan hujja. Amma yana cin wuta mai yawan gaske da ruwa mai tsabta. Ƙasar da wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, wadda ta ɗanɗana duhu lokacin da Najeriya ta yanke layi a watan Agustan 2023, wadda tashar hasken ranarta ta Gorou Banda megawat 30 ce, madatsar Kandaji kuma har yau ba a gama ba, duk kilowat da ta samu akwai asibiti da injin niƙa da ke jiran sa kafin jirgin sama.

To me gwamnati za ta yi?

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne babu wanda ya ɗora wa Nijar wuƙa a wuya. Tsarin CORSIA na hukumar OACI, wanda ke sa kamfanoni biyan diyyar ƙarin hayaƙinsu, zai zama dole daga 2027, amma ya keɓe ƙasashe mafiya talauci da waɗanda ba su da gaɓar teku, sai in sun shiga da kansu. Nijar tana cikin rukunin biyu duka. A ganinmu, wajabta SAF a filin jirgin Diori Hamani yau ba zai haifi ko lita ɗaya a cikin gida ba. Zai ƙara tsadar man da ake jawowa daga nesa, ya sa kamfanoni su riƙa cika tanki a wani gari, ya kuma ƙara wa alhazai nauyi. Tallafi irin na Amurka, wadda dokarta ta 2022 ta ba da rangwamen dala 1.25 zuwa 1.75 a kan kowane galan, ba na baitulmalinmu ba ne. Su kansu sun rage shi a 2025.

Amma keɓewa ba dalilin barci ba ne, domin masu neman ɗanyen kaya ba sa jiran doka. Kason Turai zai ninka sau uku nan da 2030, tsohon man Asiya kuma masu shi sun fara riƙewa. Idon kamfanoni zai juyo inda ƙasa ke da araha.

Saboda haka aikin da ke gaban hukumomi ya fi kusa da ma'aikatar noma da kiwo fiye da hukumar ANAC. Ƙasar tana da dokar karkara tun 1993, da kwamitocin filaye a jihohi, kananan hukumomi da ƙauyuka. Su ya kamata a ƙarfafa, a rubuta ƙarara cewa ba a ba da makiyaya ko gonar abinci don noman mai, kuma duk yarjejeniyar fili mai faɗi a karanta ta a bainar jama'a da harshen da masu gonar ke ji. In kamfani ya zo da irin zurma ya ce a shuka zai saya, a sa farashi a takarda kafin shuka, a kuma faɗi wanda zai ɗauki asara in damina ta ƙi. Manomin Makueni da na Kisarawe a nan aka bar su.

Sai binciken abin da ake da shi. OACI, da kuɗin Tarayyar Turai, ta yi wa Burkina Faso da Kenya nazarin yiwuwar wannan sana'a, daga baya Kodibuwa, Ruwanda da Zimbabuwe suka samu nasu, kuma tun 2022 tana da shirin horarwa mai suna ACT-SAF. Irin wannan nazari ba ya cin kuɗin ƙasa sosai. Sharaɗin kawai shi ne masanan INRAN da na jami'o'in Yamai, Maraɗi da Damagaram su kasance cikin masu riƙe alƙalami, don kada a lissafa harawa a matsayin shara.

Batun matata kuma na yanki ne. SORAZ da aka buɗe a 2011 ganga dubu 20 take tacewa a rana, fetur da gazuwal da gas ɗin girki ne abin da aka san ta da su. Matatar Dangote da ke Legas mai ganga dubu 650 ta riga ta fara sayar da man jirgi har Saudiyya da Amurka. Dabarar da Indiya ta bi a Panipat, ta zuba ɗan man tsiro cikin matatar da ke aiki, ita ce mafi arahar ƙofa ga Afirka ta Yamma. In har wata rana man riɗi, na zurma ko na aduwa daga Nijar zai shiga tankin jirgi, tambayar da wakilanmu za su yi a teburin ciniki ita ce a ina za a matse shi, a ina za a tace shi, kuma tunkuzar da ta rage, wadda in ta riɗi ce dabbobi ke ci, in ta zurma ce taki ce, a hannun wa za ta tsaya.